Aiki a wata jiha, kwana a wata: ina ya fi sauƙin haraji ga 'yan uwa a Amurka?

Duk wanda ya samu aiki a Manhattan ko Washington ko Philadelphia tambayar farko da yake yi ita ce ina haya ta fi araha, kuma da gaskiyarsa, amma akwai tambaya ta biyu da mutanenmu ba sa yi sai watan Afrilu, lokacin cike takardun haraji, ya zo, wato jihar da zan kwana da jihar da zan yi aiki wacce ce za ta ci harajina, kuma nawa. Mutum biyu su yi aiki a asibiti ɗaya, albashi ɗaya, ɗaya ya biya dala dubu biyu da ɗoriya fiye da ɗan uwansa duk shekara saboda kawai adireshin da yake kwana. Wannan kuɗin ai ya isa tikitin zuwa gida.

Mu da muka taso a Najeriya abin yana ruɗa mu ne saboda can tsarin ɗaya ne, harajin albashi na jihar da kake zaune ne, wanda ke kwana a Mararaba yana aiki a kamfani cikin Abuja harajinsa na Nasarawa ne, wanda ke kwana a Ogun yana shiga Legas aiki na Ogun ne. Amurka ba haka ba. A nan jihohi biyu ne suke da hannu a kanka lokaci guda. Jihar da kake zaune tana da ikon karɓar haraji a kan duk abin da ka samu ko a ina ka samo shi, ita kuma jihar da ka taka ƙasarta ka yi aikin tana da ikon karɓa a kan abin da ka samu a cikinta. Don kada a ci ka sau biyu sai jihar zamanka ta yi maka ragin abin da ka riga ka biya waccan, amma fa ba za ta rage fiye da abin da ita kanta za ta karɓa a kan wannan kuɗin ba. Toh idan ka natsu ka yi lissafi za ka ga a ƙarshe wanda ya fi tsada cikin harajin jihohin biyu shi kake biya. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe, domin shi ne yake rusa mafi yawan shawarwarin da ake ba juna a bakin masallaci bayan Juma'a, irin "koma jiha kaza harajinsu kaɗan ne". Idan aikinka yana jiha mai tsada, komawa jiha mai araha ba ya cire maka harajin jihar aiki ko sisi. Abin da yake canzawa da gaske shi ne harajin birni da na gunduma, sai kuma idan jihohin biyu suna da yarjejeniya a tsakaninsu ta daina cajin mazauna juna a kan albashi.

Bari mu fara da Niyok tunda nan ne jama'armu suka fi yawa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zango na Ghana, Bronx da Harlem. A ɗauki mutum mara aure, ba 'ya'ya, albashinsa dala 80,000 a shekara, yana aiki a Manhattan, lissafin kuma da ma'aunin 2024 ne kuma ƙiyasi ne ba tare da wasu rangwame na musamman ba. Jihar Niyok za ta karɓi kusan dala 3,800 a hannunsa, wannan ba makawa ko a ina yake kwana. Idan a Bronx yake zaune ko Brooklyn ko Queens sai a ƙara masa harajin birnin Niyok wanda yake tsakanin kashi 3.078 zuwa 3.876 cikin 100, a wannan albashin kusan dala 2,650 ke nan, jimla wajen 6,450. Idan kuma ya tsallaka kogi ya kama ɗaki a Newark ko Jersey City ko Irvington, harajin birnin ya faɗi gaba ɗaya, domin tun 1999 aka soke harajin da birnin ke karɓa a hannun masu shigowa aiki daga waje. Ita New Jersey lissafinta a kan wannan albashin kusan dala 2,900 ne, amma tunda ya biya Niyok 3,800 ragin da za a yi masa zai shanye nata, ba zai ba ta komai ba ko kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kaga bambanci tsakanin Bronx da Newark ya kai dala 2,650 a shekara, fiye da dala 200 duk wata.

Amma kar ka ɗaure kaya tukuna. Wanda ya koma Jersey fom biyu zai riƙa cikewa duk shekara, IT-203 na Niyok a matsayin wanda ba mazauni ba, da NJ-1040 na jiharsa haɗe da takardar neman ragi da ake kira NJ-COJ, kuma masu cike wa mutane haraji kuɗin jiha biyu suke caja. Ga kuɗin jirgin ƙasa ko na gada da rami kullum, kuma tun Janairun 2025 akwai kuɗin cunkoso ga mai shiga ƙasan Manhattan da mota. Idan aikinka a wani asibiti ne can cikin Bronx kuma kana fita da ƙarfe 11 na dare, wallahi dala 200 ɗin nan za ta iya ƙarewa a hanya, ka ƙara da gajiya da nisa da masallaci da makarantar allo ta yara. Ni a ganina Jersey tana biyan kuɗin wahalarta ne ga wanda aikinsa yake ƙasan Manhattan ko tsakiya inda jirgin PATH ko bas zai sauke shi kusa, kuma albashinsa ya haura, domin harajin birni yana hawa ne tare da albashi, mai samun dala 35,000 abin da zai tsira da shi bai kai rabin wancan ba.

Akwai hanya ta uku da mutane suke mantawa da ita, wato ka fita daga birnin amma ka tsaya cikin jihar. Mount Vernon da New Rochelle suna kusa da Bronx, ba su da harajin albashi na birni, fom ɗaya za ka cike, IT-201, shikenan, harajinka 3,800 ɗin nan daidai da na ɗan Jersey ba tare da ciwon kan jiha biyu ba. Yonkers ita tana da nata, mazauninta yana ƙara kashi 16.75 cikin 100 na harajin da jiha ta lissafa masa, a misalinmu wajen dala 630, har yanzu ya fi na birnin sauƙi nesa ba kusa ba. Ga ma'aikacin Bronx ko Harlem ni wannan zan fara dubawa kafin Jersey. Connecticut kuma labarinta irin na Jersey ne, ka biya Niyok, jiharka ta yi maka ragi, sai dai haya a Stamford ba wasa ba ce.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai yin akasin haka, yana kwana a Bronx yana fita aiki Jersey, irin masu aiki a manyan rumbunan kaya na wajen Elizabeth da Secaucus ko filin jirgin Newark. Shi zai biya Jersey nata, sannan Niyok ta karɓi cikon da ya rage tsakanin nata da na Jersey bayan ya cike fom ɗin neman ragi na IT-112-R, sannan birnin Niyok ya karɓi nasa cif-cif domin ragin nan ba ya taɓa harajin birni. Kuma abin da yake kayar da mutane shi ne kamfanin da ke Jersey sau da yawa harajin Jersey kawai yake cirewa daga albashi, na Niyok da na birni ba wanda ya cire, sai Afrilu ta zo a ce masa ana binsa dala 3,500 a dunƙule kuma watakila da tara a kai. Idan haka kake, je wurin masu biyan albashi ka tambaya ko za su iya cire maka na Niyok, in sun ce a'a to ka riƙa turawa da kanka sau huɗu a shekara, tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu.

Ma'aurata ku lura da wani abu. Niyok ba ta lissafa wa baƙo, wato wanda ba mazauninta ba, haraji a kan abin da ya samu cikinta kaɗai, tana fara haɗa duk kuɗin gidan kamar ku mazauna ne ta gano matakin da kuka faɗa, sannan ta ɗauki kason da ya fito daga cikinta. Wato idan maigida yana aiki a Manhattan uwargida tana aiki a Jersey kuma kun haɗa fom, albashinta ba a caje shi ba amma ya tura nasa sama. Sai kuma nas-nas masu aiki a asibitocin da ba na riba ba, kuɗin ritaya da kuke zubawa a 403(b) Niyok ba ta ƙirga shi cikin albashi amma New Jersey tana ƙirgawa, haka ma asusun lafiya na HSA, don haka albashin da Jersey take gani ya fi wanda Niyok take gani, kuma wani lokacin daga nan ne ɗan bashin Jersey yake ɓullowa.

Yankin Washington wani tsari ne daban kuma gaskiya ya fi daɗin sha'ani. Maryland da Virginia da birnin Washington ba sa cajin mazauna juna a kan albashi, shi birnin ma dokar da majalisar tarayya ta yi masa a 1973 ta hana shi karɓar harajin albashi daga wanda ba mazauninsa ba. Don haka a nan inda kake kwana shi ne komai, inda kake aiki ba ya cikin lissafi, kuma a irin wannan wuri ne shawarar "koma jiha mai araha" take aiki yadda mutane suke zato. Mutuminmu mai dala 80,000, idan yana Alexandria ko Woodbridge a Virginia zai biya kusan 3,800. Idan cikin birnin Washington yake, kusan 4,000. Idan kuma yana Silver Spring ko Hyattsville ko Bowie a Maryland, jiha za ta karɓi wajen 3,450 sannan gunduma ta ɗora nata, Montgomery da Prince George's duk kashi 3.2 cikin 100 suke karɓa, jimla ta kai kusan 5,800. Mutane suna kallon kashi 4.75 na Maryland su ga bai kai 5.75 na Virginia ba sai su ce Maryland ta fi araha, sun manta da gunduma. Dala 2,000 ce a tsakani. Sai dai Virginia tana da nata ƙaiƙayin, ƙananan hukumominta suna karɓar haraji a kan mota duk shekara gwargwadon darajarta, mai sabuwar mota babba zai ji a jikinsa, kuma gida a arewacin Virginia ya fi na Prince George's tsada sosai. Mai haya da tsohuwar mota Virginia ta fi masa, mai neman sayen gida da iyali babba yana iya ganin arahar gidan Maryland ta rufe harajin.

Yarjejeniyar nan fa ba ta aiki da kanta, sai ka cike takarda ka ba kamfani. Mazaunin Virginia mai aiki a Maryland MW507 zai cike ya nuna a daina cire masa na Maryland, mazaunin Maryland mai aiki a Virginia VA-4, mai aiki a birnin Washington daga waje D-4A. In ba ka yi ba za su yi ta cire na jihar da ba ta binka, kuɗin ba zai ɓata ba amma sai ka cike fom ɗin baƙo ka jira a maido maka, ita kuma jiharka ta gaskiya tana nan tana jiran nata a kan lokaci, ba ruwanta da cewa kuɗinka ya maƙale a wani wuri. Kuma albashi kaɗai yarjejeniyar ta rufe. Mai tuƙa Uber ko mai kitso ko duk wanda ake ba takardar 1099 ta masu zaman kansu maimakon W-2, takardar albashi da kamfani ke ba ma'aikaci duk shekara, ba ya ciki, shi mai sana'ar kansa ne, tsohon tsarin biya can a rage maka nan shi ya hau kansa.

Philadelphia ita ce wurin da lissafi yake juyewa yadda ba a zato. Pennsylvania da New Jersey suna da yarjejeniya tun 1977, gwamna Chris Christie ya ce zai soke ta a 2016 daga baya ya janye, don haka har yau kowa jiharsa yake biya. Pennsylvania kashi 3.07 cikin 100 take karɓa a hannun kowa, talaka da mai kuɗi, yawancin garuruwanta kuma suna ƙara kusan kashi 1. New Jersey hawa-hawa ce, daga 1.4 har 10.75. Mai samun dala 40,000 idan yana Jersey harajinsa bai kai 700 ba, idan yana Pennsylvania ya haura 1,200 tun kafin a sa na gari. Mai samun 200,000 kuwa Pennsylvania ta fi masa nesa. Amma shi birnin Philadelphia yarjejeniyar ba ta shafe shi ba, yana karɓar harajin albashi kusan kashi 3.7 daga mazauna, kusan 3.4 daga masu shigowa aiki. Yanzu duba abin da zai faru da mai dala 80,000 da ke aiki a tsakiyar birnin. In yana kwana cikin birnin, jiha da birni sun haɗu wajen 5,450. In yana unguwannin bayan gari ta ɓangaren Pennsylvania kamar Upper Darby, wajen 5,200, domin jiharsa ba ta rage masa abin da ya ba birni. In kuwa ya haye gada zuwa Cherry Hill ko Pennsauken, New Jersey tana ɗaukar harajin Philadelphia a matsayin wanda aka biya wata hukuma ta yi masa ragi, sai jimlarsa ta tsaya kusan 2,900. Wato a nan wanda ya bar jihar ya fi wanda ya tsaya cikinta samun sauƙi da fiye da dala 2,000. Takardun su ne REV-419 ga ɗan Jersey mai aiki a Pennsylvania, NJ-165 ga mai akasin haka.

Irin wannan yarjejeniya tana nan a tsakiyar ƙasar ma, Ohio da maƙwabtanta biyar, Indiana, Kentucky, Michigan, Pennsylvania da West Virginia, Illinois kuma da Iowa, Kentucky, Michigan da Wisconsin. 'Yan Chicago ku lura ba Indiana cikin na Illinois. Biranen Ohio da na Kentucky kuma suna da harajinsu na gari wanda yarjejeniya ba ta ɗauke shi. Niyok ita ba ta da yarjejeniya da kowa.

Sai maganar da ta fi yawo a 'yan shekarun nan, in riƙe aikina in koma Houston ko Dallas ko Florida in riƙa yi daga gida ta kwamfuta tunda can ba harajin albashi. Gaskiya ne jihohi tara ba sa taɓa albashi, Texas, Florida, Tennessee, Nevada, Washington ta yamma, Wyoming, South Dakota, Alaska da New Hampshire. Idan kamfaninka yana jiha irin Illinois ko Georgia kuma ka tare a Texas da gaske kana aikin daga can, to ka tsira, sai ranakun da ka je ofis da ƙafarka su ne za a iya caja. Amma idan ofishin da kake ƙarƙashinsa yana Niyok, tsaya. Niyok tana da wata ƙa'ida da ke cewa in don jin daɗin kanka kake aiki daga gida ba don kamfani ya tilasta ba, to ranakun nan kamar a Niyok ka yi su. Wani mai rubuta manhajar kwamfuta, Thomas Huckaby, yana zaune a Tennessee yana yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikinsa daga can, ya kai ƙara, babbar kotun jihar ta ce a 2005 albashinsa duka na Niyok ne. Farfesa Edward Zelinsky mai koyar da shari'a a Manhattan yana zaune a Connecticut shi ma ya sha kaye a 2003. Pennsylvania da Delaware da Nebraska suna da irin wannan ƙa'idar, Connecticut da New Jersey kuma sun yi tasu ta ramuwa a kan mazauna jihohin da ke yin haka. Toh ɗan Houston mai ofis a Manhattan zai biya Niyok cikakken harajin jiha kuma ba inda zai je neman ragi tunda Texas ba ta caje shi komai ba. Abin da ya tsira da shi harajin birni ne kawai, wanda da Mount Vernon ya koma ma zai tsira da shi. Mafita ita ce kamfani ya mayar da kai ƙarƙashin wani ofishinsa na wata jiha a rubuce, kuma wannan magana ce da ake yi kafin a kama haya ba bayan an tare ba. Ni wannan ƙa'idar ban ga adalci cikinta ba ko kaɗan, mutum bai hau titinku ba, yaransa ba sa makarantunku, amma haka dokar take kuma kotuna sun tsaya mata.

Direbobin tirela ku naku ya fi na kowa sauƙi. Dokar tarayya ta 1990 ta ce ma'aikacin kamfanin sufuri da yake ratsa jihohi a bakin aikinsa na yau da kullum jihar zamansa ce kaɗai za ta caje shi, haka ma ma'aikatan jirgin ƙasa. Don haka ga direba mai dogon zango zama a Texas ko Tennessee riba ce tsantsa, ko da kamfanin yana wata jiha, ko da rabin shekara yana kan titunan California. Sharaɗin shi ne zaman ya zama na gaske, lasin da gida da iyali. Nas mai yawon kwangila ta mako 13 nan mako 13 can ba ta da wannan gatan, duk jihar da ta yi aiki sai ta cike fom ɗin baƙo, in gidanta yana jiha mara haraji to abin da ta biya can shi ke nan, in kuma gidanta yana Maryland ta je kwangila Florida ko Texas kada ta yi murnar ba a cire mata komai ba, Maryland za ta karɓi nata cikakke har da na gunduma. Maganar gundumar Maryland ma sai da ta kai kotun ƙoli ta Amurka, a 2015 a shari'ar Wynne alƙalai 5 cikin 9 suka ce dole ragin harajin da aka biya wata jiha ya shafi kason gunduma, kafin nan jihar ba ta yin haka.

Akwai abin da dole in faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Aron adireshi, wato kana kwana a Bronx ka rubuta gidan abokinka na Jersey ko na Pennsylvania don ka kauce wa harajin birni ko ka samu inshorar mota mai araha, dan Allah a bari. Niyok tana ɗaukar mutum mazauni idan nan ne ainihin gidansa, ko kuma idan yana da wurin kwana na dindindin a ciki kuma ya wuce kwana 183 a shekara, kuma ko awa ɗaya ka yi a rana an ƙirga ta kwana guda. Masu bincikensu suna bin bayanan waya da katin banki da na'urar biyan kuɗin gada da makarantar da yara suke zuwa, kuma kai ne za ka kawo hujjar ba ka nan, ba su ba. Bayan tara da kuɗin ruwa, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ƙarara ko ana binka harajin tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma, kuma adireshin da ka rubuta a takardun shige da fice ya kamata ya dace da na haraji. Dala 2,000 ba ta kai mutum ya jefa takardunsa cikin hatsari ba, balle ita ƙaryar kanta. Ƙa'idar kwana 183 ɗin nan tana iya kama mai gaskiya ma, wanda iyalinsa ke Pennsylvania amma ya riƙe ɗaki a Queens yana kwana ranakun aiki, shi jihohi biyu za su iya kiransa mazauni lokaci guda, kuma a irin wannan hali kuɗin da ba na albashi ba kamar ribar hannun jari yana iya shan haraji sau biyu.

Masu gidan haya a Kano ko Yamai ko Kumasi, kuɗin hayar nan yana shiga fom ɗin tarayya, daga nan ya gangaro fom ɗin jihar da kuke zaune, jihar aiki ba ruwanta da shi. Ragin Niyok na harajin da aka biya wasu jihohin Amurka ne da lardunan Kanada, bai haɗa da wanda aka biya Najeriya ko Nijar ko Ghana ba. Wanda yake da irin wannan kuɗin shiga mai kauri jihar zama ta fi masa muhimmanci fiye da mai albashi zalla.

Wajen cikewa akwai jeri, fara da na tarayya, sai na jihar aiki, na jihar zama shi ne ƙarshe domin lambar da za ka nemi ragi da ita daga fom ɗin jihar aiki take fitowa, kuma harajin da aka lissafa maka a fom ɗin ake sawa ba abin da kamfani ya cire a W-2 ba, nan mutane da yawa suke kuskure har a aiko musu wasiƙa. Idan ka yi wani ɓangare na shekara a Niyok wani a waje kada ka firgita ka ga akwati na 16 na W-2 ya nuna albashinka duka a matsayin na Niyok, haka jihar ta umarci kamfanoni su rubuta, kai ne za ka raba a IT-203 gwargwadon ranakun aiki, shi ya sa yake da kyau ka riƙa rubuta inda ka yi aiki kowace rana ko a kalandar waya ce. Wanda ya yi ƙaura tsakiyar shekara fom ɗin mazaunin rabin shekara zai cike a jihohin biyu, ya adana takardar haya da ranar da ya canza lasin, kuma ya sanar da masu biyan albashi a satin da ya tare ba sai Disamba ba. Yawancin jihohi 15 ga Afrilu ne wa'adinsu tare da na tarayya, Delaware 30 ga Afrilu, Virginia 1 ga Mayu. Masu ƙaramin albashi akwai shirin VITA da ake cike wa mutane kyauta a dakunan karatu da cibiyoyin unguwa, sai dai ka tambaye su tun a waya ko suna yin na jiha biyu kafin ka ɗauki ranar hutu ka je.